Fiton Lasiyem a Bakin Tsuntsu

Duk wanda ya taɓa shan shayi a rumfata, nan bakin layinmu a bayan garin Klaten na ƙasar Indonesiya, ya san musun Pak Ngatijo da Pak Harjito. Pak shi ne malam a wajenmu. Tare suka koyar a sakandaren gari har suka ajiye aiki, Pak Jo yana koyar da lissafi, Pak Har yana koyar da ilimin halittu. Tun ina da ƙarfin sauke tukunyar ruwa ni kaɗai suke zama a bencina da la'asar suna ja-in-ja a kan magana ɗaya tak: daga ina mutum yake samo abin da ya sani? Gwamnati ta sauya, shinkafa ta yi tsada, dutsen Merapi ya yi aman toka har muka hau rufi da tsintsiya, su kuwa suna nan a inda na bar su.

Pak Har cewa yake jariri yana zuwa duniya kamar kwanon da aka wanke aka kife, babu komai a ciki, ido da kunne da hanci da fata ne suke zuba masa sani kaɗan-kaɗan. Pak Jo kuma ya ce ƙarya ne, akwai abin da mutum yake zuwa da shi a ƙunshe, duniya buɗe shi kawai take yi.

"Dik Jo, yaro bai san wuta ba sai ta lashe masa yatsa," in ji Pak Har, da yake shi ne babba, Dik wato ƙani yake kiran abokin nasa, shi kuma ya kira shi Kang wato yaya. "Wannan ma sai an yi digiri kafin a gane?"

Sai Pak Jo ya tsoma yatsa a shayi ya zagaya da'ira a kan teburina. "To Kang Har, duba nan. Ta karkace ko ba ta karkace ba?"

"Ta karkace mana, kamar bakinka."

"Da wacce ka gwada ta? A ina ka taɓa ganin da'irar da ba ta da karkata ko kaɗan? Babu ita a kasuwa, babu ita a gona. Amma kana ɗora ido a kan wannan ka san ta gaza. Ma'aunin yana cikinka, da shi ka zo."

"Da shi na zo! Yu Nem, ƙara masa sukari, kan ya fara juyawa."

Yu Nem ɗin ni ce, Painem, Yu kuwa yaya mace ke nan. Abin da ni na sani dai shi ne teburina suke ɓatawa, kuma kofi ɗaya suke riƙewa har a kira magariba. Pak Har ya taɓa gaya mini wai masu littattafai a Turai sun daɗe da rabuwa gida biyu a kan wannan maganar, har yau ba su gama ba. Na ce masa to ku da fansho ya zaunar, ku ne za ku gama musu?

Pak Jo mutum ne siriri, mai shiru, rigarsa kullum a goge ko da kasuwar tsuntsaye zai je. Ba ya dariya da ƙarfi, ba ya shiga hidimar kowa sai an kira shi. 'Yan makaranta suna tsoronsa ba don duka ba, sai don idan ka kawo masa amsa daidai zai tambaye ka yadda aka yi ka sani. Gidansa yana jikin nawa, katangar kicin ɗina ita ce ta tsakar gidansa ta baya, wajen rijiya. Saboda haka babu abin da ake yi a gidan nan da ba na ji, ba kuma don ina so ba.

Matarsa Lasiyem ƙawata ce, kuma ita ce hayaniyar gidan. Tana da wata ɗabi'a da surukarta ta mutu ba ta yafe mata ba: tana yin fito. Mace da fito! Amma Lasiyem ta ce ita ba za ta tsaya a bakin kicin tana ƙwala wa mijinta kira unguwa tana ji ba, shi kuma idan ya kifa kai a kan takardun yara ko gobara aka yi ba zai ɗago ba. Sai ta samo dabara. Idan shinkafa ta nuna, sai ta yi masa wani ɗan fito nata na kanta, ya hau, ya ƙara hawa, sannan ya sauko da 'yar lanƙwasa a ƙarshe kamar mai tambaya. Yana jin wannan zai rufe biro ya miƙe. Duk layinmu an san fiton nan. Ko a rumfata yake tsakiyar musu, in fiton ya tashi daga bayan katanga sai Pak Har ya ce, "Tashi, Dik Jo, hankali tsantsa, an zuba maka abinci."

Sun taɓa samun haihuwa sau ɗaya, 'ya mace, ta koma kafin ranar suna. Ina wurin, ni na riƙe fitila. Daga ita Allah bai sake ba su ba, kuma ban taɓa jin Pak Jo ya ambace ta ba. Amma na lura da abu ɗaya: duk lokacin da Pak Har ya ce jariri kwano ne da babu komai a ciki, kunnuwan Pak Jo sai su yi ja. Pak Har bai zo garinmu ba sai bayan rasuwar yarinyar, labari kawai ya ji, kuma bai taɓa haɗa wannan da wancan ba. Ni ma ban ga wurin sa baki ba.

Lasiyem ce ta sayo tsuntsun, irin wanda muke kira murai, baƙi mai jan ƙirji da doguwar wutsiya. Ta sa masa suna Ireng, ta rataye kejinsa a ƙofar kicin, tana ba shi gyare da ƙwan tururuwa. Murai ɓarawon murya ne, abin da ya ji shi yake ɗauka. Ba a daɗe ba Ireng ya sace fiton nan tsaf, har da lanƙwasar ƙarshe. Sau nawa Pak Jo ya rufe biro ya zo kicin ya tarar ko ruwan shinkafa bai tafasa ba! Lasiyem takan yi dariya har ta dafa katangata, ta ce, "Yu, zo ki ga malamin lissafi, tsuntsu ya kira shi ya amsa."

Ciwon da ya ɗauke ta bai ja lokaci ba. Aka yi addu'o'i, dangi suka watse, gidan ya yi tsit. Ni nake aika masa abincin rana, shinkafa da miyar ganyen rogo da madarar kwakwa, wani lokaci da soyayyen tempe, wato wainar waken soya. Sai in ajiye a kicin in fito, don na gane ba ya taɓa kwanon sai Ireng ya yi fito. In tsuntsun ya yi da wuri, ya ci da zafi. In bai yi ba sai la'asar, haka zai zauna da yunwarsa. Ni kaina in na ji fiton ta bayan katanga nakan ajiye ludayi, don muryar ƙawata ce sak, kuma kewarta tana cina har yau.

Haka aka yi shekaru. Ireng ya tsufa, gashin wutsiyarsa ya zube, wasu ranakun bai cewa uffan. Pak Har kuma kunnensa ya fara tafiya, sai an yi masa ihu. Duk da haka shi ne ya je wajen wani mai kiwon tsuntsaye ya aro macen murai, aka haɗa ta da Ireng, da ƙyar da jiɓin goshi aka samu ɗa namiji guda ɗaya ya rayu. Kowa ya san abin da ake nema ba sai an faɗa ba: kada fiton Lasiyem ya bi tsohon tsuntsu kabari.

A nan ne musun nan da nake ɗauka wasa ya zama abin da ya zama.

"Ka rataye su kusa da juna, Dik Jo," Pak Har ya ce da muryar nan tasa ta kurame da ake ji har masallaci. "Tun da sauran murya a wuyan tsohon. Ya yi ta ji safe da rana, zai ɗauka."

"In ta kunne ya ɗauka, me na samu?" Pak Jo ya ce. "Rediyo ke nan na saya."

"Ikon Allah! Shi Ireng ɗin ta ina ya ɗauka? Ko Lasiyem ce ta saka ƙwansa?"

"Kunne ƙofa kawai ya ƙwanƙwasa, Kang. Abin yana ciki, ita ta tashe shi. Abin da ya tashi kuma ba ya komawa barci, zai bi jini. Zan raba su, ka gani da idonka."

Ban san lokacin da na buga faranti a kan tebur ba. "Pak Jo, ka ji tsoron Allah! Wannan ba jarrabawar ƙarshen shekara ba ce. Muryar matarka ce fa kake caca da ita."

Ya ɗago ya dube ni, kunnuwan nan sun yi ja. "Shi ya sa, Yu," ya ce. "In abin da ke cikin rai duk daga waje aka zuba shi, to wanda bai daɗe ba bai tafi da komai ba ke nan."

Pak Har bai ji wannan ba, don a hankali aka faɗe ta. Ni na ji, na kuma san 'yarsa yake nufi.

Washegari Pak Jo ya lulluɓe kejin Ireng da zane, ya ɗaure a bayan keke, ya kai shi gidan Pak Har can bayan gonar rake, inda ko iska ba za ta kawo muryarsa ba. Ɗan kuma ya sa shi a ɗan ɗakin ajiya da ke gefen rijiya, ya rufe kejin da ƙyalle, yana buɗewa kawai in zai ba shi abinci ko ya sha hantsi. Ka ji aikin masu ilimi. Fiton Lasiyem na ƙarshe a duniya aka ɗauka aka kai gidan kurma. Na yi fushi da mutumin nan har na yi kwanaki ina aika masa abinci ba tempe, shi kuwa bai ma lura ba, don yanzu da babu mai kiransa sai abincin ya yi sanyi yake tunawa da shi.

Damina ba ta ƙare ba Pak Har ya zo da ƙafa, da keji a hannu ɗaya, da hankici a naɗe a ɗayan. Ya tsaya a gaban rumfata, ya kasa ƙarasawa ƙofar abokinsa, sai da Pak Jo ya fito da kansa.

"Da safe na tarar da shi matacce a ƙasan keji," in ji Pak Har. "Jiya da rana ya yi waƙa, Dik. Ya daɗe yana yi. Na ga maƙogwaronsa yana motsi, na matso har na manna kunne a jikin kejin. Ban ji komai ba."

Pak Jo ya karɓi hankicin da hannu biyu. Ya binne shi a gindin ayabar da Lasiyem ta shuka, bai kira kowa ba.

Daga nan musu ya mutu a rumfata. Sukan zo su zauna, amma Pak Har ya kurumce gaba ɗaya, in ya jefo magana ba ya jin amsa, Pak Jo kuma ba mutumin ihu ba ne. Sai su sha shayinsu suna kallon babura suna wucewa. Na yi shekaru ina roƙon Allah ya raba ni da surutunsu, da ya raba ni kuwa sai bencin ya yi mini faɗi. A hankali Pak Har ya rage zuwa, ƙafa ta fara ba shi wahala. Pak Jo ya koma zama a bakin rijiya, kusa da ɗakin ajiya, yana jira.

Wata safiya ina yanka rogo sai na ji fiton ta bayan katanga. Wuƙar ta kusa cin yatsana. Na yi salati, na ce ko Lasiyem ce aka bari ta leƙo. Da na kasa kunne sai na ji ƙarar ƙarfen da igiyar guga take bi, na ji kuma fiton ba daidai yake ba: ya hau, ya ƙara hawa, amma wajen saukowa sai iska ta zurare, ya ƙare da wani "fss". Pak Jo ne. Haƙorinsa na gaba ya daɗe da faɗuwa, ta giɓin nan iskar take fita. Yana jan ruwa yana yi, kuma wallahi bai san yana yi ba. Mutumin da tunda nake ban taɓa jin ko waƙar ƙasa a bakinsa ba! Kullum da safe haka, a ƙofar ɗakin da ya kulle tsuntsu don kada ya ji komai. Na ja bakina na yi gum, don na san in na faɗa masa zai daina.

Ɗan tsuntsun ya zubar da gashin yarinta, wutsiya ta fito, ya fara gwada murya. Da farko irin kukan da kowane murai yake yi ne, wanda babu wanda ya koya masa. Pak Jo ya zo rumfata har da saurinsa. "Kin ji, Yu? Wa ya koya masa wannan? Bai taɓa jin ɗan'uwansa ba." Na ce na ji. Bayan haka sai tsuntsun ya fara fito da sauran kayan da ya tara: ƙarar ƙarfen rijiya, kukan butar shayi, tsakar da ke bayan kabad, da wani busasshen tari da ko a mafarki na ji na san na Pak Jo ne. Duk abin da ake ji a gidan da mutum ɗaya yake kwana, tsuntsun nan ya kwashe. Pak Jo ya ce wannan shara ce kawai ta sama, na ainihin yana ƙasa, yana tafe.

Ranar da ya zo, da hantsi ne. Na ji ana buga katangata da tafin hannu. "Yu Nem! Yu Nem, zo!" Ban taɓa jin ya ɗaga murya haka ba. Na zagaya da zanina a hannu. Ya fito da kejin ya rataye a ƙofar kicin, a ƙusar Ireng, yana tsaye a gabansa.

"Ya yi," ya ce. "Tsaya ki ji. Ke kaɗai kika rage da kika san shi, Kang Har ba ya ji. Ke ce shaida."

Muka tsaya. Tsuntsun ya yi buta, ya yi tari, ya karkaɗa wutsiya. Sannan ya ɗaga kai ya yi fiton. Ya hau, ya ƙara hawa, ya sauko, ya ƙare da "fss".

"Kin ji?"

"Na ji, Pak Jo."

"Ita ce?"

Na dubi ayabar, na dubi guga. Ni ba maƙaryaciya ba ce, amma ranar na so in iya. Kafin in samo abin faɗa tsuntsun ya sake yi, a fili, har da zurarewar iskar. Na ga fuskar Pak Jo ta sauya. Ya ɗaga harshe a hankali ya taɓa giɓin haƙorinsa. Ya tsuke baki ya hura, abin da ya fito kuwa shi ne abin da tsuntsun ya gama yi yanzu, babu bambanci.

Ya zauna a bakin rijiya. "Wannan ni ne," ya ce. "Tun yaushe nake yi?"

"Tun bayan Ireng. Kullum in kana jan ruwa."

Tausayi ya cika ni har na rasa inda zan sa idona. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "To yarinyar fa, Yu? Ke kina wurin. Ta san mu, ko haka ta zo ta koma ba komai?"

Shekara da shekaru yana musu da mutum a kan da'ira, ashe tambayar ke nan, kuma ni mai soya rogo ya ajiye wa ita. Raina ya ɓaci, ban san da wa ba.

"Ni ban san kwano ba, ban san ma'auni ba," na ce. "Abin da na gani shi ne tana ta kuka, an rasa yadda za a yi da ita, uwarta ta yi mata fiton nan a hankali, ta yi shiru ta juyo da kai. Mahaifiyarka har ta yi faɗa wai ana fito a ɗakin jego."

"Tun tana cikin uwarta ta ji shi ke nan," ya ce. "Ta koya."

"Ko ta koya ko da shi ta zo, Pak Jo, ta juyo dai."

Da la'asar ya sa rigarsa gogaggiya ya tura keke zuwa bayan gonar rake. Matar Pak Har ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce ya tsaya a gaban mijinta ya yi ihu har maƙwabta suka leƙo: "Kang Har, ka yi gaskiya! Ta kunne ne!" Pak Har ya kafa hannu a kunne, ya dubi bakinsa, ya ce, "Ya yi? Fiton Lasiyem? To alhamdulillahi. Ashe jinin ne. Na ba ka, Dik, ka ci." Pak Jo ya sake ihu, Pak Har ya sake cewa ya ba shi, ya ci. Matar ta ce ita har yau ba ta sani ba ko bai ji ba ne ko ya ƙi ji. Suka sha shayi, Pak Jo ya turo kekensa ya dawo kafin magariba.

Pak Har ya rasu bara. Tsuntsun yana nan a ƙofar kicin, ba a sa masa suna ba. Har yanzu ni nake kai abincin rana, in ajiye in fito. Pak Jo yana zaune a ɗaki da tsofaffin littattafansa, ba ya taɓa kwanon. Sai can in ji ta bayan katanga fiton tsuntsun ya hau, ya ƙara hawa, ya sauko, iska ta zurare. Daga nan in ji an ja kujera baya, in ji takun silifa zuwa kicin. Ya san muryar wa ce take kiransa, yana kuma tashi ya je.